Bazara A Bakin Gulbin Jega: Biki Na Cin Albasa Tun Ba Ta Yi Kuɗi Ba

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri a cikin watan Maris ko Afrilu ba ya bukatar a gaya masa cewa ya iso ƙasar Aliero. Hancinsa ne zai fara sanar da shi. Buhunan albasa ne jibge a gefen hanya, ga manyan motoci sun yi layi suna jiran lodi zuwa Ikko da Ibadan da Anacha. Idan ya ƙara gaba kaɗan sai ya faɗa Jega, ya haye gada a kan Gulbin Zamfara, wanda mutanen wurin suka fi sani da Gulbin Gindi. Daga nan kuma sai Maiyama, a kan hanyar Koko. Waɗannan ƙananan hukumomi uku na Jihar Kebbi duk a ƙarƙashin masarautar Gwandu suke, kuma abu guda ne yake tsara musu lokacin aiki da lokacin shagali, watau ruwa: na sama da damina, na gulbi da na rijiyoyin fadama da rani.

A ƙasashen Turai, da zarar zafi ya shigo, iyali kan ɗaure ƙunshin abinci su tafi bakin teku su yini. Faransawa sun sami wannan dama ne sosai tun daga shekarar 1936, sa'ad da hukumarsu ta wajabta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashinsu. Amma wanda ya fi kama da namu shi ne na Masar, inda suke da ranar da suke kira Shammun Nasim a farkon bazararsu. A ranar, iyalai kan fita lambuna da bakin Kogin Nil su ci kifi mai gishiri da ɗanyar albasa da dafaffen ƙwai. Kifi da albasa! In da mutumin Jega zai je can, ba zai yi baƙunta a gaban akushi ba.

Jihar Kebbi ba ta da teku, amma tana da gulabe, kuma bazara ce lokacin da gulbi yake sakin jiki da mutane. Zafi kan zarce digiri 40 a watan Afrilu. Ruwan da ya cika ya batse da damina ya janye, ya bar rairayi fari da tafkuna nan da can. Da la'asar sai ka ga gari ya gangaro bakin ruwa: masu wanki, masu shayar da dabbobi, yara masu iyo, da masu lambu suna kashe injin ban-ruwa. Inda mutane suka taru kuwa abinci ba ya nisa. Ga mai suyar kifi da kaskonta, ga mai kankana da rake, ga mangwaro da ya fara nuna, ga Bafillatana da ƙwaryar nono tana dama fura, ko kuwa hura, in ji mutanen wannan yanki. Babu wanda ya sa wa wannan fita suna, babu kuma wanda ya rubuta ta a kalandar hukuma, amma ita ce shaƙatawar talaka tun kaka da kakanni.

Babban taron ruwa na wannan lokaci shi ne su. A al'adar Kabawa da Sarkawa, akwai tafkuna da gurabe masu zurfi waɗanda Sarkin Ruwa kan hana taɓawa har sai kifi ya girma ruwa kuma ya ragu. Ranar da aka buɗe, sai maza su faɗa da homa da gora, mata da yara suna bakin gaɓa suna jiran abin da za a fito da shi: tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu, wani lokaci har da giwar ruwa idan an yi sa'a. Wanda aka ci a ranar an ci, saura kuwa a yi banda. Shahararren bikin Argungu, wanda aka soma a 1934 don girmama ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma hukumar UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016, ba wani abu ba ne illa wannan su na ƙauye da aka sa wa babbar riga. Hikimar da ke ciki ita ce haƙuri. An hana kowa kamu na 'yan watanni domin kowa ya samu da yawa a rana guda. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu koma kansa.

Jega ba baƙuwar taro ba ce. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa ta a wajen shekarar 1820, bayan rasuwar mahaifinsa, malamin nan na Gimbana, shi ya sa har yau ake kiran mutanenta Gimbanawa, sarkinta kuma Sarkin Kabin Jega. A ƙarni na goma sha tara kasuwarta tana cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato, fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro kan yada zango a cikinta. Garin da ya saba saukar baƙi haka, lalle ne ya iya girki, ya kuma iya biki.

To, bikin shi ne maganarmu. A nan ƙasar, aure da sauran shagulgula sukan biyo kuɗin gona. Na farko bayan kaka, sa'ad da gero da dawa suka shiga rumbu. Na biyu kuwa, wanda ya fi na farkon kauri a Aliero da kewayenta, shi ne na bazara, sa'ad da aka cire albasa aka kuma yanke shinkafar rani. Albasar rani ana renon irinta ne a ƙarshen damina, a dasa ta da shigowar sanyi, a yi ta ban-ruwa har wata uku zuwa huɗu, sa'an nan a cire daga Fabrairu zuwa Afrilu. Ko ganyenta ba a yar da shi. Ɗanye shi ne lawashi, idan aka daka aka shanya kuma ya zama gabu, wanda uwargida ba ta raba miyarta da shi.

Wanda ya halarci biki a wannan lokaci ya san ba a wasa da ciki. Tun jajibere ake girka manyan tukwane a tsakar gida, maƙwabta su shigo taya aiki, wannan tana tuƙin tuwon shinkafa, waccan tana zuba masa a tanda. Miyar kuka ko ta kuɓewa busasshiya da bandar kifi, ko miyar sure ga mai son tsami. Ga dambu, ga hoce na dawa wanda mutanen Sakkwato da Kabi da Zamfara suke alfahari da shi. Iyayen amarya kuma suna can suna fama da gara: buhunan shinkafa da gero, man gyaɗa da man shanu, alkaki da nakiya da dubulan, duk za a kai gidan ango bayan tarewa. Ba aure kaɗai ba. Akwai suna da ragonsa a rana ta bakwai, akwai walimar saukar Alƙur'ani. Ana aika akushi gida-gida, kuma wanda aka manta da shi ba ya mantawa.

Babu mai hankalin da zai ce a daina wannan. Da shi ake ƙulla zumunci, da shi marayu da almajirai suke cin nama, da shi kuma mai faskare da mai niƙa da mahauci da tela suke samun na cefane. Abin dubawa shi ne lokacin da ake biyan kuɗinsa, da kuma abin da ake sayarwa a biya.

Albasa ba ta taɓa yin arha kamar ranar da aka cire ta. Kowa ya cire a lokaci guda, kasuwa ta cika, dillali ne yake yanka farashi. Wanda ya iya ajiye tasa a rumbun kara da ciyawa, inda iska take ratsawa, ya kai ta ƙarshen damina ko farkon sanyi, yakan sayar da buhu a kan ninkin abin da aka taya masa da bazara, wani lokaci ninki da yawa. Magidanta a duk faɗin Nijeriya ba su manta da ƙarshen shekarar 2020 ba, sa'ad da albasa ta zama abin gani a kasuwannin kudu, bayan ambaliyar da ta cinye gonaki a Jihar Kebbi, har da na Jega da Maiyama. Wanda yake da ajiya a lokacin ya ga kuɗi. Amma wa yake da ajiyar? Galibi ba manomin da ya sha sanyin Disamba a fadama ba ne. Ɗan kasuwar da ya saye daga hannunsa a watan Maris ne, sa'ad da aka sa ranar auren 'yarsa, kafinta yana jiran kuɗin gado, mai kwanuka kuma yana aiko da saƙo.

Lalle ajiya tana da tata hasara. Albasa tana ruɓewa, tana tsira, tana kuma raguwa a nauyi, musamman idan an cika mata takin zamani ko an ba ta ruwa dab da cirewa, ko kuma ba a bar ta ta sha iska wuyanta ya bushe ba kafin a zuba a rumbu. Manomi ya san wannan duka fiye da mai rubutu. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya sayar domin ya auna ya ga sayarwar ta fi masa, da wanda ya sayar domin biki ya shaƙe masa wuya.

A 'yan shekarun nan kuma kalanda ta ƙara matse shi. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, saboda haka azumi da Salla suna zagaya damina da rani, su komo inda suka faro bayan shekara talatin da uku. An yi Ƙaramar Salla ran 21 ga Afrilu a 2023, ran 10 ga Afrilu a 2024, ran 30 ga Maris a 2025. Watau a waɗannan shekaru Salla ta faɗo tsakiyar cirar albasa. Kowa kuwa ya san yadda ake rububin ɗaura aure kafin azumi, da yadda ake sake ɓarkewa da shi bayan Salla. Sai ga auren Sha'aban, ga cefanen azumi, ga ɗinkin yara da tuwon Salla da yawon barka da Salla, duk a kan buhun albasa guda. Bai gama numfasawa ba sai ga Babbar Salla, wadda a 2025 ta zo ran 6 ga Yuni, daidai lokacin da yake neman kuɗin taki da iri na damina. Rago kuwa ba ya jiran farashin albasa.

Bugu da ƙari, noman kansa ya ƙara tsada. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kowace rana ta ban-ruwa da inji ta zama abin lissafi. Manomi da yawa da bashi suke shiga fadama, ranar cira kuma mai bashi yana tsaye a bakin gona kafin mai biki ya iso.

Wannan magana ta shafi ma'aikatan gwamnati fiye da yadda suke zato. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta 1991, 'ya'yan waɗannan garuruwa da yawa sun koma Birnin Kebbi da Abuja da aiki, amma gida suke dawowa su yi biki. Su ne suka kawo kama zauren taro da dina da anko kala-kala da akwatunan lefe jeri guda. Mai albashi yana iya cin bashin banki ya biya a hankali wata-wata. Ɗan'uwansa manomi, wanda matarsa ta halarci wannan biki ta ga abin da ta gani, ba shi da wani banki sai rumbunsa. A ganina, babu wata doka da za ta yi tasirin da babban ma'aikaci guda zai yi idan ya aurar da 'yarsa da tuwo da masa a ƙofar gidan ubansa, ya tsaya a nan. An dai gwada dokar a maƙwabta, don a 2023 Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta zartar da wadda za ta taƙaita almubazzaranci a bukukuwan aure da suna. Sai dai ɗan sanda ba ya shiga ɗakin amarya ya ƙirga tukwane.

Ɗalibai ma suna da nasu kason. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda aka kafa a 2006, a cikin Aliero take, gonakin albasa suna kewaye da ita. Rumbu mai arha wanda zai rage ruɓa, da hanyar busar da yankakkiyar albasa a mai da ita gari, ba su fi ƙarfin ɗalibin aikin gona ko na injiniya ba. A Jamhuriyar Nijar, albasar Galmi ta yi suna har Abijan da Akara, kuma a wasu yankunan ƙasar ƙungiyoyin manoma sun daɗe da wani tsari na ajiye amfanin gona a sito a karɓi rance a kansa, a biya bayan farashi ya tashi. Da manomin Sabiyal ko na Mungadi zai sami irin wannan, da ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki a watan Maris, albasarsa kuma tana nan tana jiran Oktoba.

Wannan shi ne abin da Sarkin Ruwa yake yi wa kifi tun da can: ya hana hannu shiga tafki sai ranar da kamun zai yi auki. Albasa ce ba ta sami nata sarkin ruwan ba. Iyalai biyu suna iya yin shawara tun wajen sa rana, a ɗaura aure a tare da bazara kamar yadda aka saba, a ci tuwo a sha hura, amma a yarda cewa gara da sauran kaya masu nauyi za su biyo baya idan an buɗe rumbu a ƙarshen damina. Iyayen ango ne ya kamata su fara furta haka, domin iyayen amarya kunya ba za ta bar su ba.