Gilashin Karatu Daban, Na Hawan Keke Daban

Da yawa daga cikin malamanmu da ma'aikatan makaranta a kan keke suke zuwa aiki. A gida ma haka ne, keke ne ke kai iyayenmu da kakanninmu gona da kasuwa. Shi ya sa a wannan mako muka ɗauko tambayar da ba a cika yi ba: wane irin gilashin ido ya dace da mai hawan keke idan shekaru suka fara taɓa ganinsa? 'Yan uwa ɗalibai, kada ku ce wannan maganar manya ce. Ku ake goyawa a bayan keken, kuma ku ne za ku kai labarin gida.

A cikin ido, bayan baƙin nan na tsakiya, akwai wani ɗan madubi garai-garai mai taushi, faɗinsa kamar santimita 1. Idan za mu duba abu na kusa sai ya ƙara kauri, idan muka hangi nesa sai ya baje. Na yaro yana da laushi ƙwarai, har yakan iya karanta littafi a dab da hancinsa. Amma kullum madubin ƙara tauri yake yi. Daga shekara 40 zuwa 45 sai mutum ya ga yana miƙa hannu nesa kafin ya karanta saƙon waya, zura zare a allura ya zama aiki. Likitoci na kiran wannan firesbiyofiya. Ba cuta ba ce, kowa zai same ta idan ya yi tsawon rai, kuma tana ci gaba da ƙaruwa har wajen shekara 60 zuwa 65.

Abin da aka saba yi shi ne a je kasuwa a gwada tabarau a jikin jarida, wanda ya fito da rubutu a biya kuɗinsa. A jikinsa za ka ga lamba, +1.50 ko +2.00 ko +2.50. Don karatu yana yin aiki. Matsalar tana farawa ne idan malam ya gama duba takardun jarrabawa, ya manta gilashin a fuskarsa, ya hau keke.

Masu darasin fiziks, ga lissafi. Lambar nan ƙarfin gilashin ce, ana auna ta da dayofta. Raba mita 1 da lambar. Idan +2.00 ne ka sami santimita 50, idan +2.50 ne santimita 40. Ga mutumin da ganinsa na nesa lafiya lau yake, nan ne iyakar inda zai gani tar idan ya sa gilashin. Ko tayar gaba ta fi haka nisa, balle rami ko akuya ko yaron da ya fito da gudu daga lungu. Keken da ke tafiyar kilomita 18 a awa yana cin mita 5 a kowace daƙiƙa. Jinkirin daƙiƙa ɗaya kafin a gane abin da ke gaba, an riga an ci mita 5 ba a taɓa birki ba.

Sai dai akwai dattawan da za su ce su kam gilashin karatu mara ƙarfi yana gyara musu har ganin nesa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Wasu idanun tun asali suna buƙatar ɗan ƙari ko don ganin nesa, ƙuruciya ce ta rufa musu asiri, da madubin ya taurara sai abin ya fito fili. Akwai kuma akasin haka, irin ɗaliban da ba sa hango allo daga bayan aji, waɗanda lambarsu ke farawa da alamar ragi. Su idan sun manyanta cire gilashi suke yi don su yi karatu, kuma dole su mayar da shi kafin su taka feda. Gwajin jarida a kasuwa ba ya bambanta waɗannan. Ba ya kuma lura cewa idon dama da na hagu sau da yawa lambarsu ba ɗaya ba ce.

Wanda ya je asibiti, mai yiwuwa a ba shi gilashi mai hawa biyu, sama na nesa, ƙasa na karatu, da ɗan layi a tsakani. Tsohuwar dabara ce, ana danganta ta da Benjamin Franklin na Amurka. Akwai kuma wanda ba shi da layi, ƙarfinsa na sauyawa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Na farkon irinsa da ya karɓu shi ne Varilux, wanda ya fito a Faransa a 1959. Dukansu suna da daɗi a aji, malami ya dubi rajista ya ɗago ya ga masu surutu a baya. A kan keke kuwa kowanne da aibinsa. Idan ka runtse ido ƙasa don duba hanya kusa da taya, ta ɓangaren karatu kake kallo, sai ƙasar ta yi dishi-dishi. Shi kuma mara layi gefunansa na ƙasa suna ɗan karkata hoto, ga shi mai keke da wutsiyar ido yake waiwayen ɗan acaɓa kafin ya sha kwana. Mutane da yawa suna sabawa, su koyi juya kai gaba ɗaya maimakon ido kawai. Amma ranar da aka karɓo sabon gilashi ba ranar shiga cunkoso ba ce. A fara yawo da shi a ƙasa na 'yan kwanaki.

A ganinmu, ga mai hawan keke kullum, abin da ya fi sauƙi shi ne gilashin nesa zalla don hanya, na karatu kuma ya zauna a aljihu cikin gidansa. Wanda gwaji ya nuna nesansa lafiya, ba ya buƙatar mai lamba, sai dai wanda zai tare masa ƙurar hunturu da ƙwari.

Zaman keke ma yana da nasa hukunci. Mai keke yakan ɗan sunkuya, don haka ta saman gilashi yake kallon hanya. Idan firam ɗin siriri ne, ko zufa ta sa ya zamo kan hanci, sai ka tarar ta saman firam ake leƙe, gilashin ya zama ado. A zaɓi mai ɗan tsawo wanda ke zama daram, mai roba a wurin hanci da bayan kunne, ko a ɗaura masa igiya. A shagon a sunkuyar da kai a girgiza a gani. Firam mai kauri a gefe yana tare abin da ke tahowa. Wanda ya lanƙwasa ya rungume fuska ya fi tare iska, amma idan lambar tana da ƙarfi sai an yanka gilashin musamman dominsa, in ba haka ba hoto ya karkace.

A tambayi kuma da me aka yi shi. Na kwalba ba ya saurin ƙarcewa, amma tsakuwar da mota ta fantsamo tana iya tarwatsa shi a gaban ido. Akwai wata roba mai suna folikabonet, mara nauyi, mai wuyar fashewa, kuma tana tare hasken rana mai cutarwa da ake kira UV. Aibinta saurin ƙarcewa. Wanda ke goge ƙura da bakin riga, cikin 'yan watanni zai mayar da ita kamar an bi ta da yashi. A fara zuba ruwa, sannan a goge da ƙyalle mai laushi.

Baƙin gilashi na rana ne kawai. Wanda ke rikiɗa da kansa, ya yi duhu a rana ya washe a inuwa, yana raba gardama ga mai fita da asuba ya dawo da azahar, ko da yake yakan ɗauki mintuna kafin ya washe, kuma a tsananin zafi ba ya yin duhu sosai. Da magariba kam ba a sa baƙi ko kaɗan. Hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 kusan kashi ɗaya bisa uku ne na ɗan shekara 20, ba shi da rarar da zai ba gilashi.

Akwai abin da gilashi ba ya gyarawa. Idan fitilar mota ta fara kashe ido da dare fiye da da, ko komai ya zama kamar cikin hazo, tana iya zama yanar ido, kuma aikin tiyata ne maganinta. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna ita ce kan gaba wajen makantar da 'yan shekara 40 zuwa sama, hawan jinin ido na biye da ita. Shi wannan na biyun ya fi ba mu tsoro game da mai keke, domin yawanci ba ya ciwo, kuma ganin gefe yake fara ci. Mutum na karanta jarida sarai amma bai ga motar da ta ɓullo ta hagunsa ba, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Mai ciwon sukari shi ma lambarsa takan yi ta sauyawa idan sukarin bai daidaita ba.

Don haka duk wanda ya haura 40 ya je a duba cikin idon da awon ƙarfin ruwansa, ba karatun haruffa a bango kaɗai ba, aƙalla duk shekara biyu. Akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, da sashen ido a manyan asibitocin jihohi. Idan an je a tafi da tsohon gilashin, a kuma faɗa wa likita cewa keke ake hawa, da lokacin da ake hawansa, ko da rana ne ko har bayan magariba.