R2-D2: Mutum-mutumin da Ake Ƙerawa a Garejin Gida

Wanda ya taɓa kallon fim ɗin Star Wars ba zai manta da R2-D2 ba, gajeren mutum-mutumin nan fari da shuɗi, mai kai kamar an kife ƙwarya, wanda ba ya magana sai fito. Ya fara fitowa a 1977. A wasu wuraren fim ɗin da rimot ake sarrafa shi, a wasu kuma wani ɗan wasa ɗan Ingila, Kenny Baker, ne ke shiga cikinsa yana motsa shi. Tsayin Baker mita 1.12 ne kawai.

Abin da ya ja hankalinmu a wannan makon shi ne mutanen da ke ƙera irinsa da hannunsu a garejin gida. A 1999 wani mutumin Ostireliya, Dave Everett, ya kafa ƙungiyar masu wannan aiki, mai suna R2-D2 Builders Club, inda suke raba wa juna zane da awo. Wasu da alminiyam suke yi, wasu da katako. Everett kuwa ya fitar da zanen yin sa da falankin roba mai suna styrene, dangin robar kofin yogot, domin ta fi araha kuma ba ta buƙatar injin walda.

Kayan aikin ba su wuce wuƙa mai kaifi da rular ƙarfe da samfefa da gam ba. Ba a yanka robar har ƙasa. Ana jan wuƙa ne a kan layi sau biyu ko uku, sai a lanƙwasa, ta karye tas a daidai wurin. Gam ɗin ma ba irin wanda muka sani ba ne: narkar da fuskar robar yake yi, guda biyu su haɗe su zama ɗaya. Idan an manna a karkace, to an manna ke nan. Warinsa kuma yana sa jiri, shi ya sa ake aiki ƙofar gareji a buɗe.

Inda aikin ke kayar da mutane shi ne awo. Faɗin gangar jikin R2-D2 kusan santimita 46 ne. Ku tuna da 3.14 ɗin nan da malamin lissafi ke ta nanatawa: idan kuka ninka 46 da shi, za ku samu kusan santimita 144, wato tsawon robar da za ta naɗe jikin. Kuskuren santimita 1 a faɗi zai zama fiye da santimita 3 a kewaye, sai bakin robar ya ƙi haɗuwa, kan kuma ya ƙi zama. A ganinmu, wannan ya fi kowace jarabawa nuna amfanin darasin.

Tafiyarsa fa? Babu sitiyari. Akwai injin lantarki ɗaya a ƙafar dama, ɗaya a ta hagu, galibi irin na ƙaramin keken lantarki na yara, suna shan wuta daga batir. Ƙafar tsakiya taya ce mai juyawa ko'ina, kamar ta kujerar ofis. Idan mai rimot ya ba injinan biyu gudu ɗaya, sai ya miƙe. Idan ya rage na hagu, sai ya karkata hagu. Idan ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya, sai ya juya a inda yake tsaye. Duk wanda ya taɓa haɗa motar langa-langa ya ɗaura mata batir, ya riga ya san rabin wannan.

Aiki ne na watanni, wani lokaci shekaru, kuma yawancin masu yin sa ba don kuɗi suke yi ba. Amma a watan Yulin 2013, a wani taron masoya Star Wars a birnin Essen na Jamus, shugabar kamfanin Lucasfilm a lokacin, Kathleen Kennedy, ta zagaya ta ga abin da 'yan ƙungiyar suka ƙera. Bayan nan aka ɗauki biyu daga cikinsu, Lee Towersey da Oliver Steeples, 'yan Ingila, aiki a ɗakin shirya fina-finai na Pinewood kusa da Landan. Su ne suka yi aikin R2-D2 ɗin da aka gani a The Force Awakens, wanda ya fito a Disamban 2015.