Aikin Ido da Maƙogwaro da Hasken Lesa

A Ɗorayi, inda ma'aikatan Sharaɗa da Chalawa da Bompai da yawa suke zaune, mun sha jin ana cewa yanzu da wuta ake wanke ido, ba wuƙa, ba jini. Wutar nan ita ce lesa, watau haske mai ƙarfi da aka tattara wuri ɗaya. Tana da amfani, amma fa ba kowane ciwo take magani ba.

Yanar ido, wadda ta fi makantar da tsofaffinmu, sai an yi aiki an cire ta, a sa ƙwayar roba a madadinta. Asibitin Ido na ECWA a Kano, wanda mishan na SIM ta buɗe a 1943, ya daɗe yana wannan aiki. In daga baya gani ya sake dushewa, to, nan lesa take shigowa, ta buɗe hanya cikin 'yan mintoci. Ga mai ciwon sukari kuwa, takan toshe jijiyoyin da ke yoyo a can bayan ido, domin a tsare ganin da ya rage. Wanda ya riga ya tafi da wuya ya dawo.

Akwai kuma aikin raba mutum da tabarau, LASIK, wanda hukumar Amurka ta yarda da shi a 1999. Ana ɗaga fatar gaban ido, a fere kaɗan, a mayar. Yawanci kashegari mutum yana gani. Amma ido yakan bushe har watanni, fitilun mota su riƙa kashe ido da dare, kuma in an wuce shekara 40 sai an nemi tabarau na karatu duk da haka. Ba a yi wa wanda bai kai 18 ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne kwanakin jinya. Ba a murza ido, ba a barin ƙura ko ruwa mai dauɗa ya shiga. To, mai aikin jima a Chalawa, ko mai walda, wanda in bai fita ba ba a ɗora tukunya, yaya zai yi? Gara ya nemi hutu tun kafin ranar aikin, ya kuma kauce wa hunturu.

Sai minshari. A 1990 wani likita a Faransa, Kamami, ya bayyana hanyar rage beli da ganɗa da lesa. Mu da muka san wanzami da cire beli ba za mu ji abin baƙo ba. Zafin haɗiya yakan kai mako biyu, wani in ya sha ruwa ya fito ta hanci, minsharin ma sau da yawa yakan dawo. Mafi haɗari, akwai wanda numfashinsa yake tsayawa cikin barci, ya farka a shaƙe, ya wuni yana gyangyaɗi gaban inji. Aikin yana iya kashe ƙarar, ciwon kuwa yana nan, shi ya sa likitocin barci na Amurka suka ƙi ba da shawararsa ga irin waɗannan a 2001.

Uwargida ce ta fi sanin wannan, don ita ke jin shirun da ke tsakanin minshari da minshari. In ta ji, sai a je asibiti a auna barcin tukuna. Likita yakan fara da rage ƙiba, da kwanciya ta gefe, ko na'ura mai hura iska ta hanci da dare.