Rage Tsadar Karatun Gaba da Sakandare: Rabon Iyaye, Zakka da Waƙafi

A Birnin Tsaba da sauran garuruwan ƙasar Zurmi, Shinkafi da Ƙaura Namoda, yawancin iyaye da amfanin gona suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Rashin tsaro ya raba manoma da yawa da gonakinsu, janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin mota da farashin abinci, jami'o'in tarayya da dama kuma sun ƙara kuɗin rajista a wannan shekarar. Ɗalibin da ya ci jarrabawa ya samu gurbi yana iya ajiye karatu a tsakiya don rashin abin biya, duk abin da aka kashe masa a baya ya tafi a banza.

Tsadar karatu kashi huɗu ce: kuɗin rajista, wurin kwana, abinci da kuɗin mota. Mai taimako yakan biya na farkon ya ɗauka ya gama, alhali sauran ukun ne suke bin ɗalibi wata bayan wata. Kowane kashi da irin maganinsa.

Hanya ta farko ita ce zaɓen makaranta ta kusa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana ba da difloma ta ƙasa cikin shekara biyu. Mai wannan takarda yana iya neman aiki da ita, ko ya koma ya yi babbar difloma bayan shekara guda ta koyon aiki, ko kuma, idan sakamakonsa ya yi kyau, ya shiga jami'a daga aji na biyu ta hannun hukumar JAMB. Haka ma mai takardar NCE daga Kwalejin Ilimi ta Maru, ko kwalejin tarayya ta mata da ke Gusau. Akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Jami'ar Jihar Zamfara a Talata Mafara. Kusanci yana rage kuɗin mota, yana kuma ba iyaye damar aika wa ɗansu gero da wake maimakon tsabar kuɗi.

Ta biyu ita ce kauce wa maimaici. Wanda bai samu kiredit biyar ba, har da Turanci da Lissafi, sai ya sake biyan WAEC ko NECO, ya sake sayen fam ɗin JAMB. Wanda ya faɗi darasi a shekarar ƙarshe sai ya ƙara zango, da rajistarsa da hayarsa. Darasin share fage da malaman gari za su riƙa bayarwa kyauta lokacin hutu ya fi duk wannan araha.

Ta uku ita ce lamunin gwamnatin tarayya. An sa hannu a dokarsa a watan Afrilun 2024, asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu ta intanet a watan Mayu. Lamunin ba shi da ruwa. Ana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makarantar gwamnati, wanda ya nemi na ciyarwa kuma a ba shi naira 20,000 a wata. Biya yana farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Duk da haka bashi ne, ya wajaba ɗalibi da iyayensa su san da haka kafin su nema. Kwamitin masallaci zai yi babban aiki idan ya ware mutum ɗaya mai waya da sanin intanet ya riƙa taya ɗalibai cikewa, tare da neman tallafin hukumar ba da tallafin karatu ta jiha.

Daga nan sai rabon zakka. Ɗalibi ba ya cin zakka don kasancewarsa ɗalibi kawai. Yana shiga ne idan matalauci ne ko miskini, cikin jinsuna takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. A mazhabar Malikiyya ana raba zakka a inda aka fitar da ita, kuma ba a gina makaranta da ita. Yankinmu na noma ne, zakkar hatsi kuwa ɗaya cikin goma ce ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga na ban ruwa, idan amfanin ya kai nisabi. Buhun gero da aka mallaka wa ɗalibi mabuƙaci a farkon zango yana ɗauke masa nauyin abinci na watanni.

Abin da zakka ba za ta gina ba, waƙafi zai gina, domin shi ana tsare asalin dukiya ne a ci amfaninta. Masanin tarihi Al-Maƙrizi ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ da mutanen Kanem suka gina a Alƙahira a ƙarni na 13, inda masu zuwa daga ƙasarsu suke sauka. Gida mai ɗakuna kaɗan kusa da kwalejin Ƙaura Namoda, wanda aka yi waƙafinsa ga ɗaliban karkara, zai yi irin wannan aiki shekara da shekaru. Shago a kasuwar Shinkafi, wanda kuɗin hayarsa zai riƙa biyan rajista, shi ma haka. Sharaɗin shi ne a rubuta waƙafin a gaban shaidu, a naɗa amintaccen mai kula, a kuma ware wani abu don gyara.

Muna kira ga kowane kwamitin masallaci da ya rubuta sunayen ɗaliban unguwarsa kafin kaka ta shigo, da makarantar kowa, da ajinsa, da abin da ya gagare shi cikin kashi huɗun nan. A fara da waɗanda suka kusa gamawa da marayu da 'yan gudun hijira, kada kuma a manta da 'yan mata. Allah ya karɓi abin da aka bayar, ya sa albarka a abin da ya rage.