Yadda Ake Kimanta Farashin Jita ta Hannu: Misali daga Umdurman

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani a kan yadda mai saye zai gane kuɗin da ya dace da jitar katako wadda aka riga aka yi amfani da ita, wato jita ta hannu. An ɗauki birnin Umdurman na ƙasar Sudan a matsayin misali, saboda daɗewarsa a harkar kiɗa da kuma yanayinsa mai wahalar da katako. Ɗalibi zai kuma ci karo da kalmomin ciniki irin su tayi da albarka da sallama da la'ada.

2.0 Umdurman da Kiɗa

A shekarar 1940 aka buɗe gidan Rediyon Umdurman, kuma ta nan ne waƙar zamani ta Sudan ta bazu. A'isha Falatiya, wadda asalinta daga Hausawan Sudan ne, ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a wannan rediyo. Sharhabil Ahmad, wanda aka haifa a Umdurman a 1935, ya yi fice wajen shigar da jita cikin waƙoƙin ƙasar. A 1969 aka kafa cibiyar koyar da kiɗa da wasan kwaikwayo a Khartum. Ɗaliban kiɗa da matasan unguwa ba kowa ne cikinsu ke da halin sayen sabuwar jita ba, don haka ta hannu ce mafita.

3.0 Abubuwan Dubawa

Abu na farko shi ne katakon fuskar jita. Akwai wadda aka yi da katako falle ɗaya, akwai kuma wadda aka liƙa siraran falle-falle. A duba bakin ramin da ke tsakiya: idan jijiyar katakon ta ratsa kaurinsa daga sama har ƙasa, falle ɗaya ne. Misali, Yamaha F310 liƙaƙƙiya ce, FG800 kuwa falle ɗaya ce. Falle ɗaya ya fi amo kuma ya fi tsada, amma ya fi saurin tsagewa. Jita tana son laimar iska ta kashi 45 zuwa 55 cikin 100, alhali a Umdurman laimar kan sauka ƙasa da kashi 20 a lokacin rani. Saboda haka liƙaƙƙiyar jita ta fi jure wa yanayin garin, kuma bai kamata a raina ta ba.

Na biyu shi ne wuya. Tsirkiyoyin ƙarfe guda shida suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai kimanin kilo 70, dare da rana. Da daɗewa wuyan yakan lanƙwashe. A auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya mafi kauri da ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da aka gitta a wuya. Milimita 2 da rabi daidai ne. Idan ta haura milimita 4, danna tsirkiya zai yi wa yatsu ciwo. Wani lokaci ana gyara wannan ta hanyar murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuya. In kuwa gindin wuyan ne ya goce, gyaran kan fi kuɗin jita mai araha, gara a bar ta.

Na uku shi ne jaki, kamar yadda makaɗan goge da garaya ke kiran abin da tsirkiya ke hawa. A jita an liƙa shi ne da gam, zafi kuwa yana sassauta gam. A gwada cusa gefen takarda a ƙarƙashinsa. Idan ta shige, jakin ya fara ɗagowa, sai an sake liƙa shi.

Na huɗu, a kaɗa kowace tsirkiya a kan kowane ƙarfe, a saurari kurɗi ko zizar da ba ta dace ba. A murɗa kunnuwan ɗaure tsirkiya a ga ko suna riƙewa. Ƙarzunan fenti ba sa rage amo, tsagewar katako ce abin tsoro.

4.0 Lissafin Farashi

Ma'aunin da masu sana'ar suka saba bi shi ne, jita mai lafiya takan kama daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku na kuɗin sabuwarta. Daga nan sai a cire kuɗin gyara. A ƙaddara sabuwar wata jita dala 150 ce. Kashi biyu cikin uku shi ne dala 100. Idan sabbin tsirkiyoyi za su ci dala 10, liƙa jaki kuma dala 25, to iyakar abin da ya kamata a biya shi ne dala 65.

An yi lissafin da dala ne domin kuɗin Sudan bai tsaya wuri ɗaya ba. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam, dala ɗaya ta tashi daga fam 55 zuwa kimanin 375, kuma hauhawar farashi a shekarar ta haura kashi 300 cikin 100. A irin wannan hali, abin da mai jita ya biya shekara uku da suka wuce ba ma'auni ba ne. Ma'aunin shi ne kuɗin sabuwa a ranar ciniki.

5.0 Ciniki da Asalin Kaya

Mai saye yakan taya ƙasa da iyakarsa, misali dala 50. Mai kaya ya ce albarka, a riƙa ƙarawa har a daidaita ya sallama. Idan da dillali a tsakani, a yanke la'adarsa tun kafin a fara.

Akwai kuma tambayar da ta fi farashi nauyi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya sa an wawashe gidaje da shaguna masu yawa a Khartum da Umdurman, har aka sami kasuwannin kayan sata da jama'a suka laƙaba wa suna kasuwar Dagalo. Jitar da aka sallama a kan kwatar kuɗinta tana iya zama ta wani makaɗi da ya yi gudun hijira. Ya kamata a tambayi inda aka samo ta, a duba lambar da ke jikin takardar cikinta, a kuma yi ciniki gaban shaida. Haka nan, wanda larura ta sa ya fitar da jitarsa bai cancanci a danne shi ba.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa farashin adalci ya dogara ne a kan kuɗin sabuwa a ranar ciniki, da lafiyar katako da wuya da jaki, da kuɗin gyara, da kuma tabbacin cewa kayan na mai sayarwa ne. Hausawa na cewa araha ba ta ado. Wanda ya duba kafin ya taya, shi ne zai koma gida da jitar da za ta kaɗu.