Wasan neman ajiya da GPS: abin da ke kai mutane bakin kogo a tsakiyar daji

Wani mai sauraronmu da ke zaune a Amurka ya turo mana saƙon murya ta WhatsApp. Ya ce abokan aikinsa sun gayyace shi tafiyar yini guda a ƙasa, cikin duwatsu, don su nemo wani akwati da aka ɓoye kusa da bakin kogo. Tambayarsa ita ce: akwai kuɗi a ciki ne, ko kuwa wahalar banza ce? To, mun bincika, ga abin da muka samo.

Da farko, kada kowa ya kai hankalinsa Jado. Babu zinariya a ciki. Wasa ne da Turawa ke kira geocaching. Mutum zai sami ƙaramin akwati ko roba mai murfi wadda ruwa ba ya shiga, ya saka ɗan littafi da tarkacen yara, ya ɓoye a wani wuri, sannan ya wallafa lambobin GPS na wurin a intanet. Wanda ya gano, sai ya rubuta sunansa da kwanan wata a littafin, ya mayar da akwatin inda ya same shi. In ya ɗauki wani abu, dole ya ajiye wani wanda ya kai shi daraja. Shi ke nan ladan.

Asalin abin yana da alaƙa da soja. Taurarin ɗan Adam na GPS na gwamnatin Amurka ne, kuma da gangan ake dagula saƙon da farar hula ke samu, har na'ura takan yi kuskuren kusan mita 100. A farkon watan Mayu na 2000 gwamnatin Bill Clinton ta daina wannan dagulawa, kuskuren ya ragu sosai. Ranar 3 ga watan, wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a dajin Beavercreek da ke jihar Oregon don ya gwada ko za a iya gano shi. Cikin kayan da ya zuba har da littattafai da gwangwanin wake. Cikin ƴan kwanaki aka gano. Yau akwai irin wannan ajiya fiye da miliyan 3 a faɗin duniya.

Yawancinsu ba su da wahala, suna nan cikin gari, ƙarƙashin benci ko jikin gada. Amma kowace ajiya ana ba ta maki daga 1 zuwa 5 sau biyu: ɗaya na wahalar ganowa, ɗaya na wahalar hanya. Idan makin hanya ya kai 5, ana nufin sai da kayan aiki na musamman, kamar igiyar hawan dutse ko kwalekwale. Irin tafiyar da aka gayyaci ɗan'uwanmu tana can wajen sama.

A nan ne ya kamata a natsu. Waya za ta nuna maka cewa saura kilomita 2, amma a miƙe take aunawa, kamar tafiyar tsuntsu. Ba ruwanta da kwazazzabon da ke tsakani, ko dutsen da sai ka zagaye shi. Kilomita biyun nan kan iya cinye awa uku. Direbobinmu masu ratsa Tenere sun san wannan: na'ura tana ba ka wuri, hanya kuwa sai wanda ya san ƙasa.

Sannan da zarar an kusanci kogo, na'urar kan fara ruɗewa. Taurarin suna sama da nisan kusan kilomita 20,000, kuma sai na'ura ta kama saƙon aƙalla huɗu kafin ta faɗi inda kake. Jikin dutse yana tare saƙon ko ya karkatar da shi, sai ka ga kibiya tana ta juyi. Cikin kogon kuwa babu saƙo ko kaɗan. Shi ya sa masu ɓoyewa kan ba da lambar bakin kogo tare da ɗan bayani kamar kacici-kacici, sauran aikin na ido ne da hannu. Hannun nan kuma cikin ramukan dutse ake cusa shi, gidan maciji da kunama. A sa sanda tukuna.

A ganina babban haɗarin ba maciji ba ne, ruwa ne. Kuna tune da yaran nan 12 ƴan ƙwallo da kocinsu a ƙasar Tailan, waɗanda ruwa ya rufe a kogon Tham Luang a 2018, aka shafe fiye da mako biyu kafin a fito da su. Su ba wannan wasa ya kai su ba, amma kogo ɗaya ne halinsa: ruwan da ya sauka a wani tudu mai nisa zai iya cika shi alhali sama tana tas a inda kake, kamar dai yadda ƙorama ke yi mana da damina. Akwai kuma jemagu. A Amurka an rufe koguna da dama saboda wata cutar da ke kashe su, wadda aka fara gani a jihar New York a 2006, kuma mutum na iya ɗaukar ƙwayarta a takalmi zuwa wani kogon. In an sa alamar hani, a tsaya a waje.

Saboda haka, ɗan'uwa, in za ka je, ka saukar da taswira a waya tun daga gida, domin rezo zai ɗauke, ko da yake GPS na aiki ba tare da shi ba. Ka riƙi batir na ƙari, fitila biyu, da ruwan da ya fi abin da kake zato. Ka gaya wa wani inda ka nufa da lokacin da za ka dawo. Ku tsayar da lokacin juyawa tun kafin ku tashi, an gano ko ba a gano ba.

Ga matasanmu na nan gida da za su ce bari su gwada, a yi hattara da halin tsaro da ake ciki. A 2011, a garin Wetherby na Ingila, wata mata ta hango mutum yana ɓoye roba a gefen titi, ta kira ƴan sanda. Aka rufe tsakiyar garin na sa'o'i, masu kwance bam suka tarwatsa robar, sai daga baya aka gane ajiyar wasa ce.