Yadda A Ke Gane Irin Yakuwa Tun Tana Gona

Idan watan Oktoba ya kama, wanda ya bi hanyar Anka zuwa Gummi, ko ya ratsa ƙauyukan Bukkuyum, zai ga yakuwa ta yi fure a gefen gonakin gero da dawa. Mutanen wannan ƙasa sun fi kiranta sure. A da, amfaninta bai wuce ganyen miya da kwaɗo ba, sai gurguzu da mata ke yin daudawar batso da shi. Yanzu kuwa soborodo ya zama kayan kuɗi. 'Yan kasuwa suna tara shi buhu buhu su kai Dawanau a Kano, daga nan a kai shi Ikko a sa a jirgin ruwa. Ƙasar Meziko tana cikin manyan masu sayensa, gama can ma jiƙa shi su ke yi su sha, kamar yadda mutanen Masar da Sudan ke shan nasu da su ke kira karkade. Abin da masu sayen nan su ke nema shi ne ja wur mai duhu, mai kauri, wanda ba a gauraya shi da wani iri ba.

To, ga inda wahala ta ke. Rashin zaman lafiya ya raba mutane da yawa da ƙauyukansu da rumbunansu, irin da su ke ajiyewa tun kaka da kakanni ya salwanta, sai na kasuwa su ke awo. Gurguzun jar yakuwa da na fara kuwa kusan kamarsu ɗaya a cikin mudu. Sai an shuka a ke sanin abin da aka sayo. Manoma da yawa kuma da launin fure su ke yanke hukunci, alhali kuwa kama da wane ba ta wane.

Furen yakuwa yini ɗaya ya ke yi. Da hantsi ya kan buɗe fari-fari mai ratsin rawaya, kafin la'asar ya juya ja-ja ya yi yaushi, wanshekare ya faɗi. Mutum biyu suna iya duba tushe guda, ɗaya da safe ɗaya da yamma, su yi ta gardama a kan launinsa, kowa da gaskiyarsa. Manomin auduga ba ya bukatar a yi masa dogon bayani, domin ya san furenta ya kan fito fari-fari yau, gobe ya yi ja. Ba mamaki, da auduga da kuɓewa da rama da yakuwa duk dangi ɗaya ne. Yakuwa da rama ma sun fi kusa, masana ilmin tsiro suna haɗa su a suna guda, watau Hibiskus.

Bayan sauyin yini akwai na lokacin shekara. Jan da a ke gani a jikin yakuwa wani sinadari ne da a ke kira antosiyanin. Tsiro ya fi tara shi in yana samun hasken rana sosai, dare kuma yana da sanyi. Zafi mai tsanani da inuwa suna rage shi. Saboda haka yakuwar da ta tashi a ƙarƙashin dawa cikin marka, ga hadari kullum, ta kan yi ja mai haske, 'yar'uwarta da ke fili kuwa, da sanyin hunturu ya fara sauka cikin Nuwamba, sai ta ƙara duhu. Iri ɗaya ne, wurin zama da lokaci ne suka bambanta su. Wanda ke son ya ga saurin juyawar wannan launi da idonsa, ya zuba ruwan soborodo a moɗa biyu. Ya matsa lemon tsami a ɗaya, zai ga ja ya ƙara haske. Ya jefa 'yar kanwa a ɗayan, nan da nan zai dushe ya yi baƙi-baƙi.

Ma'aikatan ofis da ke shuka furen ado a ƙofar gida su ma sun san haka. Akwai wani Hibiskus mai babban fure da aka kawo daga ƙasashen Asiya, wanda ƙasar Malesiya ta ɗauka alamarta a 1960. Cikin zafin bazara jansa ya kan koɗe, furen ya ƙanƙance, da ɗari kuwa ya dawo da kyaunsa. Ba canza shi aka yi ba, kuma ba ya ba da soborodo ko an shekara ana ba shi ruwa.

To, da me za a gane iri? Da kara, da sandar ganye, da idon fure, da ƙoƙon da ke rungume da kwanson 'ya'ya. Wannan ƙoƙo shi ne soborodo, ko da ya ke 'yan kasuwa suna ce masa fure. Jar yakuwa mai duhu karanta ja ne tun tana ƙarama, jijiyoyin ganyenta ja, tsakiyar furenta akwai ido ja mai duhu komai lokacin da aka duba. Akwai mai ja kaɗan, wadda karanta ke da kore da ratsin ja, ƙoƙonta bai cika rini ba. Sa'an nan ga farar yakuwa: kara kore, ganye kore, fure ba jan ido, ƙoƙo fari mai kore-kore. Kada a raina ta, tana da masu sonta don miya, har a ƙasar Yarabawa, amma wurinta dabam ne, ba cikin buhun ja ba. Siffar ganye kuwa ba abin dogara ba ce ƙwarai, gama ganyen ƙasa ya kan fito dunƙule, na sama ya rabu yatsu 3 ko 5 a tushe guda.

Rama ba ta da wuyar ganewa. Ta fi tsawo, ta kan kai ƙafa 10 ko fiye, karanta na da 'yan ƙayoyi, ƙoƙonta ba ya yin tsoka, sai gashi mai ƙaiƙayi. 'Ya'yanta masu kusurwa ne, gurguzu kuwa lanƙwashe ya ke kamar ƙoda. Wannan kam tun a mudu a ke tsince shi.

Wani abin lura shi ne yakuwa ba ta ƙidaya kwanakin shuka, tsawon yini ta ke bi. A wannan yanki yini ya kan kusa sa'a 13 a ƙarshen Yuni, sa'an nan ya riƙa raguwa. Sai ya sauko wajen sa'a 12, daga ƙarshen Satumba, ta ke sakin fure. Wanda ya shuka cikin Yuni da wanda ya makara har Agusta kusan tare za su ga fure, sai dai na biyun tsironsa gajere ne, rassa kaɗan, amfani kaɗan. Sau da yawa a kan zagi iri, alhali makara ce.

Lokacin zaɓen iri shi ne mako 2 ko 3 bayan fure, sa'ad da ƙoƙo ya cika. Manomi ya zaga gonarsa da safe, ya nemi tushen da ke fili, mai jan kara, mai rassa da yawa, mai ƙoƙo babba mai duhu, ya ɗaura masa tsumma. Tushe 20 ko 30 sun isa ƙaramar gona. Ya bar waɗannan su ƙosa, ya cire su dabam, ya sussuke gurguzunsu dabam, ya shanya ya bushe ƙayau kafin ya zuba a gora ko tulu ya toshe. Abin farin ciki, yakuwa galibi da garin furenta ta ke ɗaukar 'ya'ya, ba ta cika gauraya da ta maƙwabci ba. Yawancin gauraya a wurin sussuka da wurin awo a ke yinta.

Irin kirki ma yana ɓaci a wurin shanya. Kimanin kilo 10 na ɗanye ke ba da kilo 1 na busasshe, asarar buhu guda ba ƙarama ba ce ke nan. A shanya a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, a kwashe kafin raɓa, kada kuma a bar shi yana kwana da yini a rana bayan ya bushe, domin ja zai koɗe. A ajiye shi nesa da tsohon hatsi. Akwai lokacin da Meziko ta tsai da sayen soborodon Nijeriya har 'yan shekaru saboda an sami ƙwaron rumbu a cikin kaya, farashi ya faɗi har ƙauye.

Mai saye kuwa, in ya yi shakka, ya jiƙa ɗan kaɗan a farin kwano ya jira. Irin da asalinsa mai haske ne ruwansa ja ne garau, sai dai ba kauri. Wanda ya tsufa ko ya sha raɓa, ruwansa ya kan yi ƙasa-ƙasa.